Waya a Kulle: Ikon Hukuma da Sirrin Mai Ita

Wayar hannu ta zama ma'ajiyar rayuwar mai ita: hotunan iyali, saƙonnin abokai, asusun banki, wuraren da ya je, har da bayanin lafiyarsa. Yawancin wayoyin yanzu suna jirkita waɗannan bayanai ta hanyar lissafi, yadda ba za su karantu ba sai da lambar sirri. Ɗan sanda na iya riƙe wayar wanda ake zargi, ga takardar izinin bincike daga kotu, amma ya kasa ganin komai. Shin hukuma na da ikon tilasta wa mutum ya faɗi lambar?

Birtaniya ta ce tana da shi. Dokar bincike da majalisarta ta yi a 2000, wadda wannan ɓangare nata ya fara aiki a 2007, ta ba jami'ai damar umartar mutum ya buɗe na'urarsa. Wanda ya ƙi, ana iya ɗaure shi har shekara 2, ko 5 idan lamarin ya shafi tsaron ƙasa ko hotunan batsa na yara. A Faransa ƙin miƙa mabuɗin na iya jawo ɗaurin shekara 3, kuma a 2022 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta ce lambar buɗe waya na iya shiga ƙarƙashin wannan hukunci.

A Amurka maganar ta fi sarƙaƙiya, domin gyara na biyar a tsarin mulkinta ya hana tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa. Alƙalai kan ce ana iya karɓe makullin akwati daga hannun mutum, amma lambar da ya haddace tana cikin kansa, fitar da ita kuwa shaida ce. Kotun ƙolin jihar Pennsylvania ta tsaya a kan haka a 2019. Shekara guda bayan nan takwararta ta New Jersey ta ce ana iya tilastawa, tunda hukuma ta riga ta san wayar ta mutumin ce kuma ya san lambarta. Kan buɗewa da yatsa ko fuska ma kotuna sun rabu.

Wani lokaci kamfani ake matsa wa. Bayan harin San Bernardino na Disambar 2015, wanda ya kashe mutum 14, hukumar FBI ta nemi kotu ta umarci kamfanin Apple ya ƙirƙiri manhajar da za ta karya kariyar wayar ɗaya daga cikin maharan. Kamfanin ya ƙi, yana cewa irin wannan manhaja za ta jefa duk masu iPhone cikin haɗari. A Maris 2016 hukumar ta janye ƙarar bayan wasu sun buɗe mata wayar.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar tarho a sashe na 37, sannan sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi da doka saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a. Ke nan 'yancin sirri yana da iyaka, kuma wanda aka zalunta yana da haƙƙin a binciko masa gaskiya. Sai dai alƙali ne ya kamata ya shata iyakar, a kan laifi takamaimai da hujja bayyananniya. Jami'in da ya tare matashi a hanya ya ce ya buɗe waya, ba tuhuma ba takarda, ya fita daga hurumin da doka ta ba shi.