Tsarki a Bakin Mudu

In ka tambayi masu bi da dama mene ne zaman tsarki, amsar da za ka ji ba ta wuce jerin hani: kada a sha giya, kada a sha taba, mace ta ɗaura ɗankwali in za ta shiga majami'a, a guji zina. Duk waɗannan suna da muhallinsu. Amma wanda ya buɗe Littafin Firistoci sura ta 19, inda Allah ya kira jama'arsa su zama masu tsarki domin shi mai tsarki ne, zai tarar an kai shi gona da kasuwa.

A surar an umarci manomi kada ya girbe gonarsa ƙarƙaf, ya bar gefe da kala saboda matalauci da baƙo. An hana mai gida ya kwana da kuɗin ɗan ƙodago a aljihunsa. An hana zagin kurma, da sa wa makaho abin tuntuɓe, wato cutar wanda ba zai taɓa sanin wa ya cuce shi ba. An hana alƙali son kai, ko don tsoron mai kuɗi ko don tausayin talaka. Sannan aka zo kan ma'auni: sikeli da mudu su zama na gaskiya. Wannan kira na zama masu tsarki ne manzo Bitrus ya maimaita wa Kiristoci a farkon wasiƙarsa ta fari, bai kuma keɓe shi ga fastoci ba.

To, a duba ranar kasuwa. Ga 'yar zumuntar mata, jiya Lahadi muryarta ta fi ta kowa a waƙa, yau tana da mudu biyu: mai zurfi na saye, da wanda aka bubbuge gindinsa na sayarwa. Ga dattijon ikilisiya da yara suka yi masa noma tun sassafe, rana ta faɗi ya ce su dawo jibi, alhali kuɗin na nan. Ba wanda zai sa su a horo, don ba ciki aka yi ba, ba kuma a mashaya aka gan su ba. A ganina nan ne muka fi rauni: muna tsawata wa zunubin da ke jawo abin kunya, muna kau da kai daga wanda ke kawo riba.

John Wesley, mai wa'azin Ingila da ya rasu a 1791, ya gane haka. Daga 1742 ya rarraba mabiyansa ƙungiya-ƙungiya, kusan mutum goma sha biyu-biyu, suna haɗuwa kowane mako ana tambayar juna yadda aka yi zama. Dokokin da ya rubuta musu a 1743 sun hana maye, sun kuma hana cinikin kayan fasa-ƙwauri da cin bashin da mutum ya san da wuya ya biya. Ikilisiyar Katolika ma, a babban taronta na Vatican, ta bayyana a 1964 cewa kiran tsarki na kowane mai baftisma ne, ba na fada da sista kaɗai ba.

Kada dai a ɗauka da wannan ake sayen ceto. Koyarwar Kirista ita ce alherin Allah ke fara zuwa, Ruhu Mai Tsarki kuma ke sāke hali sannu a hankali, da faɗuwa da tuba da tashi. Shi ya sa mai taƙama da tsarkinsa, yana yi wa maƙwabci kallon hadarin kaji, ya riga ya kauce hanya.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin Lahadi mai zuwa, in akwai haƙƙin wani a hannunka, ka neme shi ka biya. Fastoci kuma, don Allah a riƙa wa'azi a kan mudu.