Yadda ake yi wa dodannin fim fata a kwamfuta har ido ya yarda da ita

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Lord of the Rings: The Two Towers da ya fito a shekarar 2002, da wuya ya manta da Gollum, ramammiyar halittar nan mai ƙwala-ƙwalan idanu da ke rarrafe a kan duwatsu. Ɗan wasan Birtaniya Andy Serkis ne ya ba da murya da motsi, amma jikin da ƴan kallo suka gani, tun daga jijiyoyin wuya har ƙofofin gashi, ma'aikatan kamfanin Weta Digital na birnin Wellington a Niyu Zilan ne suka gina shi a kwamfuta. Babban abin da ya sa aka yarda da Gollum shi ne fatarsa, wadda ke karɓar haske tana mayar da shi kamar ta mai rai.

A yau irin waɗannan halittu sun cika fina-finai da wasannin bidiyo da tallace-tallacen da ke yawo a wayoyi daga Yamai zuwa Garwa da Njamena. Sanin yadda ake haɗa su yana da amfani ga mai kallo, yana kuma da amfani ga matashin da ke sha'awar sana'ar, tunda ɗaya daga cikin manyan kayan aikinta kyauta ake samun shi.

Daga curin yumɓu zuwa tamoji

Aikin yana farawa ne da sassaƙa. Mai zane zai buɗe manhaja irin ZBrush ko Blender, ya tarar da wani dunƙule a kan allo mai kama da curin yumɓu, ya riƙa ja yana dannawa da alƙalamin lantarki kamar maginin tukwane. Dunƙulen haɗi ne na ƙananan fuskoki masu kusurwa uku ko huɗu. Da farko ƴan dubbai ne, amma kafin a gama sukan kai miliyoyi.

Ƙwararru suna bin aikin daki-daki. Sukan fara da ƙashi da tsoka da tsayuwar jiki, sannan naɗe-naɗen fata da kitsen da ya zubo da jijiyoyin da suka taso. Sai a ƙarshe ake zuwa ga ƙofofin gashi da tamoji da tabo. Ɗan koyo yakan yi gaggawar watsa ƙananan ramuka a ko'ina a jikin dodonsa alhali ƙashin bai zauna ba. Ko su ramukan suna da tsari: a kan hanci zagayayyu ne, a kumatu sukan miƙe su bi jan fata, tamoji kuma yana fitowa ne a inda fata ke lanƙwashewa kullum, kamar goshi da gefen ido da gaɓoɓin yatsu.

Sassaƙa mai fuskoki miliyoyi ta yi wa kwamfuta nauyi a motsa ta a fim. Saboda haka ake yin wata mai sauƙi a kan siffarta, sannan a feɗe fatar a shimfiɗa ta a fili, kamar yadda majemi ke shanya fatar akuya. A kan wannan shimfiɗa ake ajiye bayanan fata cikin hotuna da ake kira taswirori: ɗaya ta launi, ɗaya ta tudu da rami, ɗaya ta santsi da kaushi. Lokacin fitar da hoto, kwamfuta za ta sake naɗe su a jikin halittar.

Hasken da ke shiga cikin fata

Shekaru da dama manhajoji suna ɗaukar fata kamar bangon da aka shafa wa fenti, inda haske ke dira a wuri ɗaya ya koma daga wurin. Hakan ya wadatar ga ƙarfe ko dutse. Dabbobin zamanin da na fim ɗin Jurassic Park na 1993 sun tsira da wannan dabara saboda fatarsu mai kauri ce mai ɓawo, kuma fitowar T. rex da aka fi tunawa da ita da dare aka yi ta cikin ruwan sama. Amma da an zo kan fuska ko kunne ko leɓe, sai abin ya fito kamar roba ko siminti.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa rufe bakin tocila da yatsunsa cikin duhu: yatsun sukan yi ja jawur. Kaso kaɗan na haske, ƙasa da goma cikin ɗari, shi ke komawa daga saman fata. Sauran yana kutsawa ciki, ya ratsa ɓangaren sama inda sinadarin melanin mai ba fata duhu yake, ya kai ɓangaren ƙasa mai jini, ya yi ta karo yana watsuwa. Wani ya shanye a can, wani ya fito ta wani wuri kusa da inda ya shiga. Jan haske ya fi kore da shuɗi nisan tafiya a cikin nama, shi ya sa bakin inuwa a jikin mutum yake da ɗan ja-ja, kuma kunne yake haskakawa idan rana tana bayansa.

A shekarar 2001, Henrik Wann Jensen ɗan ƙasar Danmak da abokan aikinsa Stephen Marschner da Marc Levoy da Pat Hanrahan na jami'ar Stanford a Amurka suka fitar da hanyar lissafa wannan watsuwa cikin lokacin da kwamfuta za ta iya ɗauka. Sun auna yadda haske ke tafiya a cikin madara da marmara da dankali da tuffa da naman kaza da fatar mutum. Cikin shekara guda dabarar ta shiga manyan fina-finai: Gollum, da kuma Dobby na Harry Potter and the Chamber of Secrets wanda kamfanin ILM ya yi, duka a 2002. A 2004 hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta karrama Jensen da Marschner da Hanrahan da lambar yabo ta fasaha.

Yanzu wannan lissafi yana cikin manhajojin da kowa ke amfani da su. A Blender, ma'aunin da ake tararwa tun farko shi ne 1.0 ga ja, 0.2 ga kore, 0.1 ga shuɗi, wato ja ya ninka shuɗi nisan tafiya sau goma. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne girman halittar. Hasken milimita kaɗan yake tafiya a cikin fata, don haka dole a gaya wa kwamfuta ko dodon tsawonsa mita biyu ne ko kamu ɗaya. In watsuwar ta yi yawa, dodon zai zama kamar kyandir, duk tamojin da aka sha wahalar sassaƙawa ya narke. In ta yi kaɗan, a koma gidan jiya, ya zama gunkin roba. Haka kuma ba daidai take a ko'ina ba: kunne da fatar ido da fiffike marar kauri suna wuce haske sosai, ƙaho da ƙofato da tafin ƙafa kuwa kusan ba sa wucewa.

Launi da maiƙo

Fata mai rai ba ta da launi ɗaya. Masu fenti sukan fara da abin da ke ƙasa, wato jan jini da shuɗin jijiyoyi da ɗorawar kitse, sannan su lulluɓe da siraran shafe-shafe har launin sama ya fito, su bar na ƙasan yana leƙowa. Gwiwa da gwiwar hannu sukan fi duhu, ciki da hammata sukan fi haske. Cikin manhajojin da aka fi yin wannan fenti da su akwai Substance Painter, wadda kamfanin Allegorithmic na birnin Clermont-Ferrand a Faransa ya ƙirƙira kafin Adobe ya saye shi a 2019.

Taswirar santsi da kaushi ita ke nuna inda maiƙo da zufa suke. Goshi da hanci da leɓe suna sheƙi, kumatu da bayan hannu ba su kai su ba. Wanda ya san yadda ƙafa ke yin fari da faso a lokacin hunturu, da yadda take komawa bayan an shafa man kaɗanya, ya riga ya san abin da wannan taswira ke yi, domin launin fatar bai sauya ba, yadda samanta ke mayar da haske ne ya sauya. Idan aka bar sheƙi iri ɗaya a duk jiki, nan take ido zai gane.

Ido kuwa ba ya yafiya a kan wannan. Tun a 1970 masanin mutum-mutumi ɗan Japan Masahiro Mori ya lura cewa idan abu ya kusa zama mutum amma bai ƙarasa ba, yakan ba mutane tsoro da ƙyama maimakon sha'awa. Hausawa ma sun ce kama da wane ba ta wane. Dodo yana da ɗan sauƙi tunda babu wanda ya taɓa ganin irinsa, sai dai kowa ya san nama da fata.

Haske mai laushi da wanke hoto

Bayan fata sai haske. Ƙa'idar a nan ɗaya ce da ta masu ɗaukar hoto: ƙaramar fitila tana ba da inuwa mai kaifi, faffaɗa kuma tana ba da mai laushi. Ranar tsaka a watan Afrilu tana yanka inuwa baƙa ƙirin a ƙarƙashin hanci, amma ranar da hazo ya rufe sama, sararin gaba ɗaya ya zama fitila, inuwa ta yi laushi. Saboda haka masu wannan aiki sukan kafa faffaɗar fitila a gefe guda daga sama, su sa wata mai rauni a ɗaya gefen don kada inuwa ta yi duhu da yawa, sannan ta uku a baya. Ta bayan ita ke zana gefen jiki, ita ce kuma ke haska kunne ta nuna jan da ke ciki. Laushin ma yana da iyaka, domin in haske ya zo daidai ta kowane ɓangare, ramuka da tamoji sukan ɓace, fuska ta zama shafaffa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanke hoton. Kwamfuta tana harba ɗimbin zaren haske ta kowane ɗigo na hoto, tana bin kowane zare yana karo da abubuwa har ya kai fitila, bisa lissafin da James Kajiya ya gabatar a 1986. In zaren sun yi kaɗan, hoton zai fito da tsakuwa-tsakuwa kamar talabijin da eriyarsa ta goce. In aka ƙara su, lokaci ya ƙaru. Fata tana cikin abubuwan da suka fi cin lokaci saboda yawon da haske ke yi a cikinta. Fim yana buƙatar hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma a manyan fina-finai hoto ɗaya yakan ci sa'o'i. Akwai manhajojin share tsakuwar, amma in aka matsa musu sukan share har da ƙofofin gashi.

Ma'aunin da aka gina a kan farar fata

Akwai wani batu da ya shafi masu karatu a wannan yanki kai tsaye. A 2020 Theodore Kim, malami a jami'ar Yale wanda ya yi aikin bincike a kamfanin Pixar, ya rubuta a mujallar Scientific American cewa binciken fata a kwamfuta ya fi karkata ga farar fata, inda hasken da ke fitowa daga ciki ya fi bayyana. A baƙar fata melanin yana shanye yawancin hasken da ya shiga, don haka sheƙin sama ne ke ɗaukar babban kaso na abin da ido ke gani. Wanda ya ɗauki ma'aunin farar fata ya rage masa haske kawai zai sami fata mai toka-toka marar rai. Gyaran yana ga kula da taswirar santsi da kuma faffaɗan fitilu da fatar za ta haska da su. Lokacin da Pixar ke haɗa fim ɗin Soul na 2020, wanda jaruminsa baƙar fata ne, ya nemi shawarar mai ɗaukar hoton fim Bradford Young a kan haske.

Darasin ya wuce fatar mutum. Ma'aunin da manhaja ta zo da shi mafari ne kawai, sauran aikin na ido ne. Wanda zai yi dodo mai fatar giwa ko ta kada ko ta damo sai ya tsaya ya dubi dabbar, ya ga inda ƙura ke maƙalewa a tsagogin fata, da inda ɓawo ke ƙanƙancewa kusa da gaɓa, da yadda jan kan ƙadangare ke shiga launin jikinsa.

Kayan aiki da abin zanawa

Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira, ta zama ta kowa da kowa kyauta tun 2002, kuma tana da sassaƙa da fenti da wanke hoto duk a wuri ɗaya, har da fassarar Faransanci. Da ita Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya yi fim ɗin Flow, wanda ya ci Oscar na fim ɗin zane a 2025. Matsalar da ta rage ga matasan yankin ita ce kwamfuta mai ƙarfi da tsayayyar wutar lantarki. Ana iya rage nauyin ta hanyar wanke ƙaramin yanki na hoto, kamar kunne ko gefen ido, har a gamsu da fatar kafin a saki hoton gaba ɗaya.

Abin zanawa ma yana kusa. A Gadufawa da ke hamadar Tenere a Nijar aka haƙo ƙasusuwan Sarcosuchus, wani ƙaton dangin kada da ya haura mita 9, da na Ouranosaurus nigeriensis wanda masanin Faransa Philippe Taquet ya raɗa wa suna a 1976, da na Nigersaurus wanda Paul Sereno da abokan aikinsa suka bayyana a 1999. Masana sun ƙiyasta cewa sun rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce. Babu wanda ya taɓa ganin launinsu, saboda haka duk hotonsu da aka gani a littafi ko a shirin Planet Dinosaur na BBC na 2011, wani mai zane ne ya tufatar da ƙashin da fata, yana aro daga kada da tsuntsaye da ƙadangaru. Dabbobin da ake aron fatar tasu suna nan a kogin Kwara da gandun Waza da na Zakuma, kuma gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yana nuna ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi na zamanin da ga duk mai son ya je ya auna da idonsa.