Ina Mililita Takwas Ɗina Suka Shiga?

A zangon da ya wuce saura ƙiris in yi ƙarya a littafin firaktikal. An ce mu narkar da gishiri gram 58.5 a ruwa lita ɗaya, mu lissafa yawan da ruwan ya ƙaru. Busasshen gishirin nan yana cin wurin mililita 27, amma ni abin da na samu kusan 19 ne. Na sake har sau uku, shiru. Abokina ya ce, “Kai Malam, rubuta 27 kawai mu tafi masallaci.” Allah Ya taimake ni na tambayi malaminmu. Ashe 19 ɗin ce daidai.

Ga yadda abin yake. Idan gishiri ya narke, yakan rabu zuwa ƙwayoyi masu caji. Kowace sai ta jawo ƙwayoyin ruwa su manne mata, su cunkushe kamar fasinjojin motar kasuwa. Ruwan da ya cunkushe ba ya cin wuri kamar da. Can mililita takwas ɗina suka shiga.

Sauti ma shaida ne. A tsaftataccen ruwa mai ɗumin digiri 25, yana gudun kusan mita 1,497 a daƙiƙa. A ruwan gishiri ya fi haka sauri, domin ruwan da ya riga ya matsu yana da wuyar ƙara matsewa. Shi ya sa masana ke auna nauyin ruwa da gudun sauti tare, su gane halin da ƙwayoyin ke ciki ba tare da sun gan su ba.

To ina ruwan feftayid? Shi gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, tubalin furotin. Bakinsa biyu duk suna da caji, don haka shi ma yana damƙe ruwa. Da ka zuba gishirin wani ƙarfe, ƙwayoyin gishirin sai su kusanci bakin nan, ruwan da aka damƙe ya kuɓuta, wurin da feftayid ke ci ya ƙaru. Kada ka ɗauka wasan ɗakin gwaji ne. Insulin da masu ciwon suga ke allura da shi amino asid 51 ne, kuma tare da sinadarin zinki jiki ke ajiye shi. Mai haɗa irin wannan magani dole ya san zaman furotin da ƙarfe a cikin ruwa.

’Yan uwana ɗalibai, in sakamako ya ƙi bin lissafinku, ku rubuta abin da kuka gani, sannan ku tambaya.