Tayar motar iyali: ƙaya na huda ta, zafi ne ke fasa ta

Motar iyali a ƙasar Mayahi da Tasawa hanya iri biyu take bi cikin yini guda. Da sassafe ta baro Sarkin Hausa ko Kanambakashe cikin rairayi da burji, kafin hantsi ya dubi ludayi ta hau kwalta, ta bi ta Cadawa zuwa Maraɗi, ko kuma ta miƙe kan babbar hanyar RN1 ta Agye da Gazawa da Tasawa har Damagaram. A ciki ga maigida da uwargida da yara, a baya ga buhunan gero da za a kai wa dangi a birni. Duk wannan nauyi a kan wuri huɗu yake zaune, kowanne faɗinsa bai wuce tafin hannun babban mutum da yawa ba. In ka tambayi direbobi abin da ke cin taya a wannan yanki, za su lissafa maka ƙayar aduwa da kututture da ramukan hanya. Ba su yi ƙarya ba, sai dai waɗannan galibi huji suke yi, huji kuwa mai faci na maganinsa. Abin da ke fasa taya ana tsakar gudu, har kat-kat mai tsawo ta wuntsila, zafi ne da ke taruwa a cikin jikinta. Daga nan ya kamata kowace shawarar saye da ta kulawa ta taso.

Taya ba roba ce zalla ba. A cikinta akwai shimfiɗar zare da ta wayar ƙarfe, roba ce ta manne su wuri guda. A kowane juyi gefenta yana lanƙwashewa ya miƙe, wannan motsi kuma shi ke haifar da zafi. In iska ta yi kaɗan, ko lodi ya yi yawa, ko gudu ya daɗe, lanƙwasar ta ƙaru, zafin ya hau, mannin ya fara saki, har saman tayar ya ɓantale daga jikinta. A Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke haura 40 a jihar Maraɗi, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, taya tana fara tafiya ne da rabin haƙurinta a ƙare. An taɓa ganin haka a fili a Amurka. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, akasarinsu na jif ɗin Ford Explorer, kuma daga baya hukumomin ƙasar suka danganta mutuwar mutum 271 da ɓantalewar waɗannan tayoyi. An sami lahani daga masana'anta, amma abin lura shi ne inda haɗurran suka fi yawa: jihohin kudu masu zafi irin su Texas da Florida, sai Saudiyya da Benezuwela. Iskar da Ford ya ce a sa, wajen bar 1.8, ita ma Firestone ya yi jayayyar cewa ta yi kaɗan. Mota mai nauyi, iska kaɗan, ƙasa mai zafi: mutumin Tasawa ya san wannan haɗi ko da bai taɓa jin labarin ba.

Shi ya sa tambayar farko a gaban mai sayar da taya ba ta sunan kamfani ba ce, ta shekaru ce. Roba tana tsufa ko ana hawanta ko tana ajiye, tana bushewa, tana tsattsagewa, rana da zafi kuma suna gaggauta hakan. Ranar ƙira tana rubuce a gefen kowace taya. A nemi haruffan DOT, a bi layin har ƙarshe, za a ga lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa bayan shekara 5 a riƙa kai taya gun masani duk shekara, in ta kai 10 a sauke ta ko da zanenta na nan raɗau. Ford yana cewa 6. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ta fi kowa tsanani, ita shekara 4 take faɗa. Ana iya gardama a kan wace lamba ce daidai, amma ba wanda ya san bazarar Gulbin Kaba da zai ce mu ne muka cancanci mafi tsawon wa'adi.

A nan mai ƙaramin ƙarfi zai ce sabuwar taya huɗu kuɗin abincin gida ne na watanni, kuma ai tsohuwar Michelin ƴar Beljiyam ta fi sabuwar ƴar China ƙwari. Rabin farko na maganar gaskiya ne. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙira a Legas a 2008, saboda haka tayar da ke kasuwar Maraɗi daga nesa take zuwa, kuma da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 kayan da a da ke saukowa ta Kwatano sai da suka koma zagayowa ta Lome. Rabi na biyun ne ban yarda da shi ba. Sunan da ke jikin ƴar gwanjo yana faɗa maka yadda aka haife ta ne kawai, ba ya faɗa maka ramukan da ta faɗa, ko watannin da ta yi a danne cikin kwantena, ko wayar da ta tsinke a ciki inda ido ba ya kaiwa. Akwai kuma abin da masu saye da yawa ba su lura da shi: wani kaso na gwanjon Turai tayoyin hunturu ne, masu tambarin tsauni da ƙanƙara a gefe, waɗanda aka yi robarsu da taushi domin sanyin da bai kai awo 7 ba. Zanensu mai zurfi ne, suna burge ido a kasuwa, amma a kwaltar bazara da wuri suke suɗewa. Ba banza ba Najeriya ta sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin kayan da ta haramta shigowa da su, ko da yake kowa ya san haramcin bai hana su cika kasuwa ba. In aka raba kuɗin taya da yawan watannin da za ta yi, sabuwar Triangle ko Linglong ko Maxxis ta bana takan fi arha a kan ƴar gwanjon da za a sake cikin ƴan watanni. Wanda dole ta sa shi sayen gwanjo, to ya duba shekara, ya sa a ciro ta ya leƙa cikinta, ya guji mai ƙulli ko faci a gefe.

Bayan shekara sai lambobin girma da na lodi, waɗanda ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A ce an rubuta 265/65 R17 112S, irin wadda ake gani a Prado da Hilux. Masu saye sukan tsaya a kan 17, wato girman wili, su manta da ƙarshen layin, alhali 112 na nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 1120, S kuma gudun da bai wuce kilomita 180 a awa ba. Ta RAV4 mai lamba 102 kilo 850 take ɗauka. Motar da ke zuwa biki da mutum takwas da kaya a kan rufi ba ta da dalilin sauka ƙasa da lambar da kamfani ya rubuta. A gefen tayoyi da yawa kuma akwai kalmar TEMPERATURE da harafin A ko B ko C, A ce mafi jure zafi. Game da zane kuwa, mai manyan haƙora ta laka tana da kwarjini, amma ƙasarmu rairayi ce ba taɓo ba, kuma a kwalta ƙara take yi, ta ci mai. Mai alamar A/T, wadda aka yi don kwalta da daji gaba ɗaya, ta fi dacewa da mai bin hanya biyu.

Sai maganar iska, inda kuskure mafi girma ya samu gindin zama da sunan dabara. Direbobi da yawa suna rage iska da bazara, wai don kada zafi ya kumbura taya ta fashe. Iska tana ƙaruwa da zafi, haka ne, wajen bar 0.1 a duk ƙarin awo 10, amma masu ƙira sun sa wannan cikin lissafi. Lambar iskar da ke jikin ƙofar direba ta taya mai sanyi ce, wadda aka auna da safe kafin a tashi. Wanda ya tsaya a Gazawa da azahar ya ga ma'auni ya hau ya saki iska, gobe da asuba tayarsa ƙasa da ƙa'ida za ta kwana, ta ƙara lanƙwasa, ta ƙara zafi. Maganin da ya sha shi ne cutar. Wurin da rage iska ke da hujja shi ne rairayi mai zurfi, inda sauke ta zuwa wajen bar 1.5 ke shimfiɗa tayar ta daina nutsewa, muddin ana tafiya a hankali. Haɗarin yana bakin kwalta, inda mutum kan ce bari in kai gari tukuna, ya yi kilomita hamsin da gudu a kan tayar da ba ta cika ba. Ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota da ma'aunin iska na aljihu ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, kuma ma'aunin kanka ya fi bugun taya da ƙafa ko da sifana, domin tayar zamani tana iya rasa kaso mai yawa na iskarta ido bai gane ba.

Sauran kulawar ba ta da wuya. Hujin da ke tsakiyar zane ana gyara shi da faci daga ciki, amma yankan gefe ba ya gyaruwa, ko mai faci ya rantse, domin nan ne wurin da ke lanƙwasa. A riƙa sauya wa tayoyi wuri duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, in kuma gefe ɗaya ke cinyewa a kai a daidaita ƙafafun motar, abin da burji mai gargada ke yawan ɓatawa. Zane in ya sauka daidai da ƴan tudun da ke cikin kwarinsa, wato milimita 1.6, tayar ta gama aiki, ballantana da damina. In kuɗin biyu kawai ake da shi, a sa sababbin a baya, don in baya ya zame direba ba ya iya riƙe mota kamar yadda zai riƙe gaba, sai dai motar da ƙafafunta huɗu ke ja kullum ta fi son a sake su tare. Safaya ma a sa ta cikin lissafi: a Prado da tsohuwar RAV4 da yawa a ƙofar baya take rataye, rana na dukanta shekara da shekaru, kuma sau da yawa ita ce mafi tsufa a duk motar. A duba lambarta ta DOT, a auna iskarta duk wata tare da sauran huɗun.