In keke ya fara kuka, a ƙirga kafin a zuba mai

A Akra, daga Nima a gangaro ta Kokomlemle zuwa shataletalen Kwame Nkrumah tafiya ce kaɗan a kan keke, kuma da safe mai keke kan riga fasinjan motar haya ta tirotiro isa, don cunkoso bai cika tsare shi ba. Mutanen Zango sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1994 wasu masana harkar sufuri uku, Margaret Grieco da Jeff Turner da E. A. Kwakye, sun wallafa bincike a kan hawan keke a Akra, inda suka kwatanta Nima da Jamestown. Sun tarar cewa a Nima, wurin da yawancin jama'a tushensu arewa ne, keke ya samu karɓuwa a matsayin abin hawa na yau da kullum, a Jamestown kuwa ana yi masa kallon abu mai haɗari, ana hana yara. Har gobe a Nima da Mamobi keke ne jarin mutane da yawa: mai gadi da ke tafiya aikin dare, mai kai burodi, ɗan makaranta, mai ɗauko buhu daga kasuwar Nima ranar Laraba.

Kekunan nan galibi ba sababbi ba ne. Wasu na hannu ne, an sha hawa a Turai ko Amurka ko Japan kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema. Wasu kuma irin baƙin keken nan ne mai birkin ƙarfe, samfurin Phoenix na ƙasar Sin, wanda aka ƙera bisa fasalin tsohon Raleigh na Ingila. Sai su tarar da garin da ba ya tausayin ƙarfe. Iskar teku mai gishiri tana kawo tsatsa duk shekara, ruwan Mayu da Yuni yana cika kwatoci ya malalo titi da yashi, hunturu kuma ya zo da ƙura mai laushi da ke shiga kowace kafa. Dole keke ya yi kuka.

Abin da ke damuna shi ne maganin da aka saba yi masa. Da an ji ƙara sai a nemi baƙin mai, wanda aka juye daga injin mota, a tsiyaya a sarƙa, a feda, a tsakiyar ƙafa, wani har kusa da birki. Ƙarar takan lafa kwana biyu, mai keke ya ce an gyara. Alhali baƙin mai ya riga ya ɗauko dattin inji, yana da danƙo, ƙura da yashi na manne masa, su haɗu su zama kamar toka da yashin da ake goge tukunya da su. Kowane juyi ƙarfe yana cin ƙarfe. Ƙarar da aka kashe kuwa ita ce kaɗai hanyar da keken ke da ita ta nuna inda ya lalace.

Ƙarar keke tana da lissafi, kuma duk wanda ya iya ƙirga zai iya bin sawunta. Abubuwa uku ne ke juyawa, kowanne da saurinsa: feda, da ƙafa, da sarƙa. Ɗauki keke marar giya, mai haƙora 46 a babban farantin gaba da 18 a ƙaramin na baya. In ka juya feda sau ɗaya, ƙafar keken ta juya kusan sau biyu da rabi. Sarƙa kuwa, mai gaɓoɓi wajen 110, sai ka juya feda kusan sau biyu da rabi kafin ta kewayo sau ɗaya. To, nemi lungu marar hayaniya bayan sallar asuba, ka hau a hankali, ka kasa kunne. In ƙas ɗin yana zuwa daidai da takunka, sau ɗaya a kowane juyi, kuma kullum a lokacin da ƙafarka take wuri ɗaya, matsalar tana feda ko hannunta ko boris ɗin tsakiya. In ya fi takunka sauri, ƙafar keke ce. In yana jinkiri, sai ka taka biyu ko uku kafin ya dawo, akwai gaɓar sarƙa da ta ƙage. Sa'an nan ka daina takawa, ka bar keken ya gangara da kansa. Ƙarar da ta ɗauke ta feda da sarƙa ce. Wadda ta ci gaba tana ƙafa ko birki ko madigadi.

Kada a yarda da kunne wajen nuna wuri. Jikin keke bututu ne, kuma sauti na tafiya a cikin ƙarfe da gudun kusan mita 5,000 a daƙiƙa, a iska kuwa wajen mita 340 kawai. Ƙarar da ta taso daga ƙarƙashin sirdi sai ta bi bututu ta fito maka a wajen feda, ka rantse can take, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Shi ya sa tsofaffin masu gyara ba sa saurin ɗaukar sifana. Za ka ji maigida ya ce wa mai keke: “Malam, tashi tsaye ka taka mu ji.” In an bar sirdi ƙarar ta tafi, an huta da kwance tsakiyar keke; a zare sandar sirdi a goge, a shafa giris kaɗan, a ɗaure notin da ke ƙarƙashi. Wani kuma yakan ɗora bakin sukudireba a kan ƙarfen, ya kafa kunnensa a ƙotar, yaron shago yana juya ƙafa, har ya ji inda gurnanin ya fi ƙarfi.

Ƙarar da ke bin taku ita ta fi cancantar a tsaya a kanta, don ita ce ke mayar da ƙaramin gyara babba. A baƙin keke, wata gajeriyar ƙusa mai gefe ɗaya a fiƙe ce ke riƙe hannun feda a jikin sandar tsakiya. In ta saki, za ka ji ƙwas, kuma ka ji fedar ta ɗan faɗa gaba kafin ta kama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama ɗan notinta a yi ta murɗawa har zaren ya tsinke. Notin riƙo kawai yake yi. Ƙusar buga ta ake yi da guduma ta zauna, bayan an tokare hannun fedar daga ƙasa da wani ƙarfe don kada bugun ya sauka a kan boris, sa'an nan a ɗaure notin. In gefenta ya riga ya yi tsagi, a sa sabuwa, ba ta da tsada. A kekunan hannu masu giya, bakin sandar kusurwa huɗu gare shi, hannun fedar kuma sau da yawa na alminiyam ne, wanda bai kai ƙarfe tauri ba. Wanda ya ci gaba da hawa a sake, ramin zai buɗe ya yi faɗi, daga nan kome ɗauri ba zai sake kamawa ba, sai an sayi wani. Ga kuma abin da ke wahalar da sababbin yaran shago: zaren fedar hagu a juye yake, ta hagu ake ɗaure ta, ta dama ake kwancewa. An yi haka ne don kada juyin takawa ya riƙa warware ta.

Boris ba ya ƙas-ƙas, gurnani yake yi. Ɗaga ƙafar gaba ka juya ta, ka ɗora yatsa a kan ƙarfen da ke riƙe da ita. Lafiyayye ba ka jin kome; wanda ya bushe ko ya ci yashi za ka ji gurr a yatsanka tun kunne bai ji ba. Kama taya ka girgiza gefe da gefe, in tana lilo ya saki. A nan mai ba ya magani, sai an buɗe, an wanke da kananzir, an duba 'ya'yan. A yawancin kekuna akwai 9 a kowane gefe na ƙafar baya, masu kaurin rubu'in inci, da 10 ƙanana a kowane gefe na ta gaba. In ɗaya ya fashe ko ya dushe, a canza su duka, a cika giris, a ɗaure daidai yadda ƙafar za ta juya sumul ba lilo. Abu biyu ke kashe boris a garin nan: kutsawa cikin ruwan da ya kai tsakiyar ƙafa in an yi ambaliya, da kai keke wurin wankin mota a fesa masa ruwa mai ƙarfi, wanda ke tura giris waje ya bar ruwa a ciki.

Sarƙa mai tsuwa ƙii-ƙii ita ce ke neman mai da gaske, amma bayan wanka. A goge ta da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe, a ɗiga mai marar kauri a kowace gaɓa, ko da na keken ɗinki ne in ba a samu na sarƙa ba, sa'an nan a share na waje da tsumma, don aikin man a cikin gaɓa yake. A kuma auna ta: daga fil ɗaya zuwa na 24 a gabansa inci 12 ne cif a sabuwa. In ya ƙaru da milimita 3, ta gama, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran baya, shi ya sa take tsalle in an taka da ƙarfi a hawan tudu.

Birki kuwa ko kusa kada mai ya je wurinsa, musamman na faifai, wanda robarsa in ta sha mai sai dai a jefar. Ihun birkin da ke kama rim yana fitowa ne daga kamawa da saki da roba ke yi da sauri ƙwarai a jikin rim. A wanke rim da sabulu, a kankare fuskar robar, a ciro tsakuwoyin da suka nutse ciki, a karkata ta yadda bakinta na gaba zai riga na baya taɓawa da kamar milimita 1. In ƙarar ta koma ta ƙarfe a kan ƙarfe, roba ta ƙare, rim ake ci. Kwaramniyar madigadi da kariya da murfin sarƙa ba ta da wuya: ɗaga keken kamar taƙi ɗaya ka sake shi, abin da ya saki zai amsa. Wayoyin ƙafa kuma a kaɗa su ɗaya bayan ɗaya da sifana, wadda ta saki muryarta a dushe take.

Akwai ƙarar da ba ta jin ɗauri ba ta jin giris: wani ƙiƙi da ke zuwa in an danne kan keke, ko an ja birkin gaba, ko an ɗora kaya mai nauyi, kuma yana ƙaruwa daga mako zuwa mako. A wanke keken tas, a fito da shi rana, a bi duk inda bututu ya haɗu da bututu, da wuyan ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, da tsakiyar kan keke inda aka matse shi. Ana neman layi siriri kamar gashi, ko fenti da ya tsage, ko tsatsa da ta yi layi. Tsagewa ce, kuma kekunan hannu da suka sha shekaru da kekunan dako su suka fi yin ta. Jikin ƙarfe mai walda na iya ceto shi in tsagar ba ta yi nisa ba. Na alminiyam kuwa waldar bakin titi ba ta riƙe shi, kuma in zai karye ba ya lanƙwasa tukuna, ɓallewa yake yi gaba ɗaya. Wanda ya ga irin wannan layi a gaban kekensa ya sauka nan take ya tura shi da hannu zuwa wurin mai gyara, kada ya ce bari ya ƙarasa gangaren tukuna.