Farautar Hadari a Kan Tsaunin Jos

Mazauna Jos Jarawa, waɗanda duwatsun Shere suke tsaye a gabashinsu, sun san yadda hadari yake haɗowa da la'asar tun daga watan Afrilu har Oktoba: gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta kama girgiza kwanon rufi, mata su hau kwashe shanya, kafin a jima ruwa ya kece, wani lokaci har da ƙanƙara. Wannan al'amari da muka saba da shi har muka daina mamakinsa, shi ne waɗansu ma'abota hoto a Amurka suke kwana da wuni a mota domin nemansa cikin filayen Oklahoma da Kansas da Texas.

Sababin yawaitarsa a nan kuwa, bisa ga bayanin masana yanayi, shi ne cewa garin Jos yana bisa tudun da ya kai mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800, saboda haka idan iska mai laima ta taso daga Tekun Atlantika ta ci karo da duwatsun da rana ta gasa, sai ta hau sama ta huce ta zama gajimare mai tsawon kilomita goma ko fiye, sa'an nan iskar gabas ta kora shi yamma.

Mai nufin ɗaukar hoton walƙiya yana bukatar haƙuri fiye da saurin hannu, domin walƙiya ta fi yatsa sauri. Hikimar ita ce ya kafa kyamara bisa sanda mai ƙafa uku gab da magariba, a buɗaɗɗen fili irin na Heipang ko Vom, ya bar idonta a buɗe na waɗansu daƙiƙoƙi, har hasken ya zana kansa a cikin hoton.

Amma wajibi ne ilimi ya riga aiki. Ranar 31 ga Mayu, 2013, guguwa ta halaka Tim Samaras, gwani a fannin farautar hadari, tare da ɗansa da abokin aikinsa, kusa da El Reno a Oklahoma. Mu a nan aradu ce abar tsoro, kuma lissafinta mai sauƙi ne: kowace daƙiƙa 3 tsakanin ganin walƙiya da jin tsawa kimanin kilomita 1 ce, idan tazarar ta gaza daƙiƙa 30 sai a shiga mota ko gini, a nisanci kan dutse da gindin bishiya da bakin kududdufan kuza.

Tafakkuri cikin ayoyin Ubangiji ibada ce, har akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Ra'adu, amma kiyaye rai farilla ne. Matasanmu masu kyamara, ku saurari hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet, ku ɗauki hoton hadarin ƙasarku daga nesa, ku koma gida lafiya.