Masunci da Ƙyallin Ruwa: Wane Tabarau Ya Kamata a Saya?

Duk wanda ya taɓa yini a bakin Tiga cikin bazara ya san yadda ruwa ke mayar wa mutum da rana cikin ido. Da hantsi ya ɗaga, sai fuskar ruwan ta yi fari fat, masunci na cikin kwale-kwale yana ƙanƙance ido, yana kare goshi da tafin hannu. Kafin magariba ido ya yi jajur, kai yana sara. Tun da aka kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan da ya shimfiɗu wajen murabba'in kilomita 178 ya zama wurin neman abinci ga mutanen Rurum da ƙauyukan kewaye. Haka ma Ruwan Kanya, wanda ke karɓa daga Tiga kafin ruwan ya gangara gonakin Kadawa. Matasan Rano da Kibiya da dama sun shiga kamun kifi, wasu sana'a, wasu fatsar ranar hutu. Amma ba a cika maganar abin da ƙyallin nan yake yi wa ido ba, don a wurin dattawan masunta da yawa baƙin tabarau kayan 'yan gayu ne.

Akwai tabarau iri guda da aka yi musamman saboda wannan matsala, wanda za ka ga an rubuta Polarized a jikinsa, wani lokaci harafin P kaɗai. Hasken rana yana tahowa ne yana kaɗawa ta kowane ɓangare, amma idan ya daki shimfiɗaɗɗen ruwa ya dawo, yawancinsa a kwance yake kaɗawa, kuma shi ne ƙyallin da ke kashe ido. A cikin gilashin tabarau ɗin akwai wata siririyar leda da ke barin haske mai kaɗawa a tsaye ya wuce, ta tare na kwance. Kamar mai ɗauke da azara ne a ƙofar zaure: in ya gitta ta ba zai shiga ba, sai ya miƙar da ita. Wani Ba'amurke, Edwin Land, shi ya ƙirƙiro ledar a ƙarshen shekarun 1920, ya kafa kamfanin Polaroid a 1937.

Da ƙyallin ya kau, sai abin da ke ƙarƙashin ruwa ya fito. A gefen da ruwa ke da garau, mai jefa birgi zai iya hango inuwar garken karfasa, da 'yan ramukan nan masu kama da akushi da namijinta ke haƙawa a cikin yashi lokacin hayayyafa. Zai ga kututture da dutsen da ke yaga kalli ko su fasa kwale-kwale, kuma a ruwan da ya cinye tsofaffin gonaki da itatuwa wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Mai fatsa kuwa zai daina ɓatar da zarensa a cikin walƙiya. Aikin tacewar ya fi ƙarfi idan kana duban ruwa a karkace, kimanin digiri 37 ƙasa da saitin ido. Ga wanda idonsa ke mita ɗaya da rabi a saman ruwa, wurin yana wajen mita biyu a gabansa. Ka karkata kai gefe, ƙyallin zai fara dawowa, domin ka juya ledar ke nan.

Sai dai kada mai talla ya ruɗe ka da cewa tabarau ɗinsa "yana ganin kifi". Ƙyallin sama yake cirewa, ba ya wanke ruwa. Da damina, lokacin da rafuka suka kwaso jar ƙasa suka zuba a Tiga, ko a kududdufin da shanu suka dagula, ba abin da za ka hango ko nawa ka kashe. Tarwaɗa da kurungu da ke kwance a ƙasa cikin laka ma ba za su bayyana ba. A irin wannan ruwa ribarka hutun ido ce kawai.

Maganar da ta fi ta kifi nauyi ita ce ta lafiya. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana kiransa UV, kuma shi ne yake yi wa ido ɓarna a hankali cikin shekaru. A 1988 Dakta Hugh Taylor da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi kan masunta 838 a gaɓar Chesapeake ta Amurka, inda suka gano cewa waɗanda suka fi shan wannan haske sun fi kamuwa da wani nau'i na yanar ido. Naman nan da ke tsirowa daga gefen hanci yana hawa baƙin ido shi ma rana da iska da ƙura ke kawo shi, kuma ukun nan babu wanda masuncin ƙasar Kano ya rasa. Abin lura shi ne, tace ƙyalli daban, tare UV daban. Tabarau zai iya yin ɗaya bai yi ɗayan ba. Wanda ake so shi ne mai duka biyun, mai alamar UV400. Baƙin gilashin da ba ya tare UV kuwa gara ma babu, domin duhunsa yana sa ƙwayar ido ta buɗe, hasken mai cutarwa ya ƙara samun hanya.

To yaya za a gane na gaskiya, tun da manna takarda ba wuya? Gwajin tace ƙyalli a hannunka yake. Ɗauki guda biyu daga allon mai talla, ka ɗora gilashin ɗaya a kan ɗaya, ka duba haske ta ciki, sannan ka juya ɗayan ya gitta ɗan'uwansa. In duka na gaske ne, wurin da suka haɗu zai yi baƙi ƙirin. Ko ka kunna wayarka, ka dube ta ta cikin gilashin kana juya shi sannu a hankali. A yawancin wayoyi hasken fuskar zai dushe ko launinsa ya sauya. In babu abin da ya canja, mayar masa da kayansa. Shi kuwa UV ba a gwada shi da ido, sai da na'ura, wadda ake samu a wurin wasu masu yanka gilashin ido. Wanda hanya ta kai shi birni ya tambaya a ɗora masa a kai. Mai amfani da gilashin likita kuma zai iya neman a yanka masa mai tace ƙyalli daidai da awon idonsa.

Batun launi bai kai yadda 'yan kasuwa ke kambama shi ba. Mai ruwan toka ya dace da tsakiyar ruwa da tsakar rana. Mai ruwan ƙasa ya fi fito da siffar abubuwa a ruwa marar zurfi, kuma a ganina shi ya fi dacewa da ruwanmu, musamman lokacin hazon hunturu. Idan akwai lamba a jikin ƙafarsa, a nemi 3. Lamba 4 ta yi duhu da yawa, ba a tuƙi da ita, kuma kowane iri ne a cire shi kafin a hau babur da almuru. A zaɓi mai faɗi wanda ya rungumi fuska, saboda hasken da ke kutsowa ta gefe da ta ƙasa, a ɗaura masa zare a wuya, a haɗa da malafa.

Yawancin masu arha da ƙura suke mutuwa. Mutum ya ciro shi ya goge da bakin riga, rairayin da ke kai ya karce gilashin, cikin 'yan makonni ya yi dishi-dishi. A fara ɗauraye shi da ruwa mai tsafta tukuna, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Kada a bar shi cikin rana a kan kwano ko gaban mota, zafi na ɓamɓare ledar. Wanda kuma ya riga ya fara ganin hazo-hazo, ko nama ya fara hawa masa ido, tabarau ba zai warkar da shi ba. Ya bar zuba maganin kasuwa, ya fara da asibiti mafi kusa, in an tura shi asibitin ido na ECWA ko na Makkah a Kano, ya daure ya je tun da wuri.